Jitar Amurka, ta Japan ko ta Indonesiya: Me sunan ƙasa ke gaya wa mai saye?

Duk wanda ya shiga shago neman jita mai lantarki, abin da yake fara yi shi ne ya juya ta ya duba bayan kanta, inda ake rubuta ƙasar da aka ƙera ta. In ya ga Amurka sai hankalinsa ya kwanta, in ya ga China sai ya yamutsa fuska ya mayar. Mai shago ma ya san da haka, shi ya sa farashi ke bin wannan ɗan rubutun sau da ƙafa. A ganina rubutun yana da amfani, sai dai ba amfanin da mutane ke zato ba. Yana nuna maka nawa kamfani ya ware don a ƙera kayan, da kuma yadda za ta yi daraja ranar da ka tashi sayarwa. Ba zai taɓa gaya maka ko wannan da ke hannunka za ta yi daɗin kaɗawa ba.

Tarihin kamfanonin da kansu ya isa hujja. Leo Fender, mai kamfanin Fender, ya fito da jitar Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kamfanin Gibson kuma ya fito da jitar Les Paul a 1952 daga Kalamazoo. A waɗannan shekarun ne sunan Amurka ya kafu. Amma a 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, aka koma neman yawan kaya, har ya zama jitocin shekarun 1970 sun yi ƙaurin suna wajen nauyi, da kaurin fenti, da wuyan da ba ya zama daram a gurbinsa. Gibson ma ya shiga irin wannan hali a hannun kamfanin Norlin, daga 1969 zuwa 1986. Duk waɗannan kayan a Amurka aka yi su, kuma rubutun yana nan a jikinsu.

A daidai lokacin ne masu ƙira a Japan, irin su Tokai da Greco da Ibanez, suka riƙa kwaikwayon tsofaffin samfurin Amurka na shekarun 1950 da matuƙar kula, har makaɗa suka fara cewa kwaikwayon ya fi sabon na asali. A 1977 Norlin ya maka dillalin Ibanez na Amurka a kotu a kan siffar kan jita, aka sasanta a wajen kotu. Shi Fender sai ya ga gara ya haɗa kai da su: a 1982 aka kafa Fender Japan, masana'antar FujiGen da ke Matsumoto ta karɓi aikin, kuma daga can jitocin Squier na farko, wato layin Fender mai araha, suka fito. Da ma'aikatan Fender suka saye kamfanin daga CBS a 1985, cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba, don haka na ɗan lokaci yawancin jitocin da ke ɗauke da sunan Fender a shaguna daga Japan suke zuwa. Squier ɗin da aka raina a matsayin na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda lambarsu ta fara da JV, yau masu tara tsofaffin jitoci nemansu suke yi ruwa a jallo.

Abin da ya faru da Japan shi ya sake faruwa da Koriya ta Kudu. Da ladan aiki ya hau a Japan sai aka kai ƙananan samfuri Koriya. Na farko-farko ba su yi kyau ba, wasu ma da katakon filawud aka yi jikinsu. Amma hannu ya faɗa, kuma zuwa 2001 kamfanin PRS na jihar Maryland ya amince a riƙa yi masa layinsa mai araha na SE a can. Da Koriya ta yi tsada, aka sake matsawa Indonesiya da China. Kamfanin Cort na Koriya yana da babbar masana'anta a kusa da Surabaya tun tsakiyar shekarun 1990, kuma daga nan ake fitar da jitoci masu sunaye dabam-dabam, har da Squier da PRS SE. Epiphone, layin jitoci masu araha wanda Gibson ya mallaka tun 1957, yana da tasa masana'antar a Qingdao ta China. Kowace ƙasa daga ƙasa take farawa, ana raina ta, sai bayan shekaru a dawo ana yabo. Saboda haka ba a tambayar ƙasa ita kaɗai. Sai an haɗa da shekara, da masana'anta, da kuma matakin samfurin.

Batun mataki shi ne zuciyar maganar. Kamfani ne ke tsara tsaninsa da gangan. A shagunan Amurka a 'yan shekarun baya, Squier Affinity ta kai wajen dala 250 zuwa 300, Squier Classic Vibe wajen dala 450, Fender Player ta Meziko wajen dala 800, ta Amurka kuma sau da yawa ta haura dala 1,700. Siffa ɗaya ce, tsawon tsirkiya ɗaya ne. Masana'antar Fender ta Corona a Kalifoniya da ta Ensenada a Meziko tazararsu ba ta wuce kilomita 300 ba. Ba ƙwarewa ce ta hana Ensenada yin irin na Corona ba, umarni aka ba ta ta tsaya a wani farashi. Haka ma China. Ƙasar da ke fitar da jitar dala 60 da ba ta riƙe sauti, ita ce kuma ke da kamfanin Eastman a Beijing, wanda jitocinsa ke haura dala dubu, makaɗa na saye suna godiya.

To ina kuɗin yake shiga? Yanzu kusan kowace babbar masana'anta, ko ta Gibson da ke Nashville a Amurka ko ta Surabaya, da injin da kwamfuta ke sarrafawa take yanka jiki da wuya. Wannan ya rufe babban giɓin da ake da shi a da. Bambancin da ya rage yana cikin awoyin da hannun mutum ya ɓata a kan kowace jita, da kuma kayan ƙarfe da na lantarki da aka ɗora mata.

Aikin hannu ya fi fitowa a ƙarafunan da ke kwance a kan wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet. A jita mai tsada an daidaita tsayinsu ɗaya bayan ɗaya, an goge bakinsu, an rage kaifin gefen katakon, hannu yana zamewa ba tare da ya ji komai ba. A mai araha za ka iya samun ƙarfe ɗaya ya ɗan fi 'yan uwansa tsayi, sai tsirkiya ta riƙa zizza a wurin, ko sautin ya mutu in ka ja ta sama. Sai ɗan ƙashin da tsirkiyu ke ratsawa a kusa da kai. A mai tsada ƙashi ne ko wani abu mai tauri irinsa, an tsaga shi daidai kaurin kowace tsirkiya. A mai araha roba ce mai laushi da ke maƙale tsirkiya, kuma yawancin kukan da ake yi cewa jita ba ta riƙe sauti daga nan yake tasowa, ba daga kunnuwan ɗauri ba. Abin daɗin shi ne duk waɗannan gyararru ne. Mai gyara da ya san aikinsa zai daidaita su da kuɗi kaɗan in aka kwatanta da tazarar farashin.

Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, wato fikof, a ƙananan samfuri na seramik ne, sautinsu da ƙarfi da ɗan kaushi, a manya kuma na wani gaurayen ƙarfe ne da ake kira alniko. Amma wannan ma ba dokar ƙasa ba ce, domin Classic Vibe da Yamaha Pacifica 112V, waɗanda ake yi a Asiya, alniko suke ɗauke da shi. Maɓallan ƙara da rage murya, da makunnin zaɓen fikof, da ramin da ake soka waya, su ne suka fi saurin lalacewa a jita mai araha, kuma su ne mafi sauƙin canzawa. Batun katako kuwa ana yawan kambama shi. Irin itacen yana shafar nauyi da kyan gani sosai, amma a jita mai lantarki fikof da amfilifaya da yatsun mai kaɗawa sun fi shi tasiri a sauti nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna a katako shi ne ko an busar da shi yadda ya kamata.

A nan ne yanayinmu ya shigo, kuma ba a cika faɗa wa mai saye wannan ba. Masu ƙira suna so a ajiye jita a inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram ko Agadas, lokacin hunturu laima tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, da damina kuma ta yi sama. Katako yana tsukewa ya buɗe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa a watan Janairu za ka shafa gefen wuya ka ji bakin ƙarafunan sun leƙo suna kartar yatsa, ko ka ga tsirkiyu sun kwanta a kan wuya suna zizza. Iskar hunturu ba ta karanta sunan ƙasa. Jitar dala dubu biyu ma tana yin haka. Abin da ke taimakawa shi ne sandar ƙarfen da ke cikin wuya ta kasance tana juyawa lafiya ta ɓangarorin biyu, don a riƙa gyara lanƙwasar wuyan sau biyu a shekara. Wuyan katakon maful da aka shafe da fenti, ko wanda aka gasa, ya fi jure wannan canjin.

Ka kuma duba yadda za ka riƙa yawo da ita. Irin ƙirar Fender wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace a kwance a sa wani. Ƙirar Gibson da gam aka manne wuyan, kan kuma ya karkata baya sosai, faɗuwa ɗaya tana iya karya shi. Ga wanda ke hawa babur da jita a baya zuwa wajen biki, wannan ya fi masa muhimmanci a kan Nashville ko Qingdao. Haka nan fikof mai naɗin waya ɗaya yana ɗaukar gurnanin lantarki, musamman a wurin da ake amfani da janareta ko wayarin ɗin ba shi da wayar ƙasa. Mai naɗi biyu yana kashe wannan gurnanin. Jitar da ta haɗa nau'ukan biyu, kamar Pacifica, ta fi dacewa da mai wasa a wurare mabambanta.

Inda sunan ƙasa yake da nauyi na gaske shi ne wajen sayarwa. Gibson ko Fender ta Amurka tana riƙe darajarta fiye da sauran, ta Japan tana biye mata, ta Meziko ma ba ta rasa mai saye. Ta Indonesiya da ta China kuwa, komai kyanta, da zarar ta bar shago farashinta ya sauka, kuma kuɗin da ka kashe wajen canza mata fikof ba zai dawo ba. Wannan asara ce ga mai sayarwa, amma garaɓasa ce ga mai sayen na hannu.

Sai dai darajar suna ita ce ke jawo jabu. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In sun yi yunƙurin shiga Amurka kanta, ka san kasuwanninmu ba su tsira ba. Duk jita mai lantarki da ke ɗauke da sunan Gibson a Amurka ake yin ta, don haka sabuwar Les Paul da aka yi maka tayinta a kuɗin Epiphone ba ta gaske ba ce. Duba murfin da ke kan kai, wanda ya rufe sandar wuya. Na Gibson kusoshi biyu gare shi, na jabu sau da yawa uku. Na Fender kuma lambar jiki tana taimakawa: US na Amurka, MX na Meziko, kuma kamfanin yana da shafin da ake duba lamba a intanet. Amma masu jabu suna kwafar lamba, don haka kada ka tsaya a nan. Ina ganin Epiphone ko Squier ta gaskiya ta fi Gibson ta ƙarya sau goma, domin ta gaskiyar akwai wanda ya duba ta kafin ta bar masana'anta.

Ga mai koyo, ko makaɗin coci, ko ɗan ƙungiyar biki da kuɗinsa ke da iyaka, shawarata ita ce ya tsaya a matakin tsakiya na Indonesiya ko China, irin su Pacifica 112V, Classic Vibe, Cort ko PRS SE in aljihu ya kai, ya bar wani kaso na kuɗin don mai gyara da amfilifaya mai kyau. Jita mai tsada a amfilifaya mara kyau ba za ta nuna komai ba. Ya guji mafi arahar da ba ta da sunan kamfani, domin a can ne ake samun ɗanyen katako da sandar wuyan da ba ta aiki. Wanda kiɗa ne abincinsa, yana ɗaukar waƙa a situdiyo, ta Meziko ko ta Japan ta hannu za ta yi masa duk abin da yake buƙata. Ta Amurka ta dace da wanda yake da hali, yake son gamawar hannu mai kyau, kuma yake tunanin sayarwa wata rana. Ba laifi ba ne mutum ya so ta, amma ya sani wani babban kaso na kuɗin ladan ma'aikacin Amurka ne da darajar suna.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka biya sai ka riƙe ta. Ka fara kaɗa ta ba tare da ka jona ba, ka bi kowane firet daga kai har ƙasa kana sauraren zizza. Ka ɗaga ta ka hangi wuyan daga kai kamar mai duba miƙewar gora, ka tabbata bai murɗe ba, domin murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da sauƙi. Ka ja tsirkiyu da ƙarfi ka ga ko sautin ya koma inda yake. Sannan ka jona ta, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a raminta. In akwai guda biyu ko uku na samfuri ɗaya a shagon, ka ce a fito maka da su duka, domin ko a masana'anta ɗaya a rana ɗaya aka yi su, za ka tarar ɗaya ta fi sauran kwanciya a hannu.