Gyaran Abinci ko Ƙwayoyin Kemis: Wanne Ya Fi Amfanar Mai Tsakuwar Ƙoda?

Hajiya, kin tambaya a zaure cewa an cire wa maigidanki tsakuwa a ƙoda, likita ya ce ta okzalet ce, kuma kina son sanin wanne ya fi tsakanin gyara masa abinci da saya masa ƙwayoyin ƙarin sinadarai da ake tallatawa. Allah ya ƙara masa lafiya. A fahimtata abinci da ruwa su ne tushe, ƙwayoyi kuwa amfaninsu taƙaitacce ne, wasu ma cutarwa suke yi.

Okzalet sinadari ne da ke cikin tsirrai, hanta ma tana haɗa nata, idan kuma ya yi yawa a fitsari sai ya haɗu da kalsiyam, wato sinadarin da ke da yawa a nono, ya daskare ya zama tsakuwa. A cimarmu ya fi yawa a alayyafo, gyaɗa, riɗi, kuɓewa, dankalin Hausa, koko na cakulan da baƙin shayi mai kauri, yayin da kabeji, kokwamba, farar shinkafa, ƙwai da kifi ba su da shi sosai. Ba sai an haramta masa miyar taushe ba. A rage yawanta, a tafasa ganyen a zubar da ruwan farko, domin wani kaso na sinadarin yana fita da ruwan.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne daina shan nono, da zaton tunda tsakuwar kalsiyam ce to kalsiyam ne mai laifi. Gaskiyar ita ce kalsiyam ɗin da aka ci tare da abinci yana kama okzalet tun a cikin hanji, su fita ta bayan gida kafin su kai ƙoda. Wani bincike da aka yi a Parma ta ƙasar Italiya, aka wallafa a 2002, ya bi maza 120 tsawon shekara biyar: cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 tsakuwar ta dawo musu, amma cikin 60 da aka bar wa kalsiyam aka rage musu gishiri da nama, 12 ne kawai. Saboda haka kofin kindirmo lokacin cin abinci magani ne mai araha, a kuma ja hannu da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Ruwa kuwa ana so ya sha har fitsarinsa ya kai kimanin lita biyu da rabi a yini, abin da ke buƙatar himma a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, balle in ya haɗu da azumi.

Ɓangaren ƙwayoyi ya fi buƙatar taka-tsantsan. Bitamin C mai miligiram 1,000, wanda ake saye a kemis da an ji mura, jiki yana mayar da wani sashensa okzalet, kuma binciken Suwidin na 2013 a kan maza fiye da 23,000 ya nuna masu shansa sun kusa ninka sauran wajen kamuwa da tsakuwa. Wannan ina roƙonki ya bar shi. Ƙwayar kalsiyam tana da amfani ga wanda nono ke ɓata wa ciki, da sharaɗin a sha ta tare da abinci. Bitamin B6 yana aiki ne ga wasu masu wani nau'in ciwon na gado, wanda ba kasafai ake samunsa ba.

Ƙwayar da ke da hujja mai ƙarfi ita ce fotasiyam sitret, mai ƙara sitret a fitsari, wato sinadarin da ke hana tsakuwa daskarewa, sai dai likita ne ke rubuta ta bayan ya duba lafiyar ƙoda, domin tana iya tara fotasiyam a jini. Kada wani ya ce miki kanwa za ta maye gurbinta, domin kanwa sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, ne ya fi yawa a cikinta, shi kuwa sodiyam ƙara tura kalsiyam cikin fitsari yake yi. Kafin ku kashe ko naira ɗaya, ku nemi likitan mafitsara, a Asibitin Barau Dikko ko na Shika, ya rubuta gwajin fitsarin awa 24, wanda zai nuna ko okzalet ne ya yi yawa, ko sitret ne ya yi ƙaranci, ko kuwa ruwa ne kawai ba ya sha isasshe.