Wata uku da ɗan allon da ya rage wa fankokina surutu

Akwatin kwamfutata na da fanka biyu masu waya uku, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Da can kai tsaye suke shan bolt 12, don haka kullum gudu suke iya ƙarfinsu, ko ina aiki ko na bar na'urar a kunne kawai. Da rana ba a ji. Da dare kuwa ƙararsu sai ta cika ɗaki. Shi ya sa na sayi wani ɗan allon lantarki mai daidaita gudun fanka gwargwadon zafi.

Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Tiransisto ɗaya ne a kansa, wato abin da ke ƙara ko rage wutar da ke zuwa fanka, da 'yan resisto masu tare wuta, da wani ɗan noti da ake murzawa da sukundireba don saita gudun fanka, sai wata doguwar waya mai baƙar ƙwaya a ƙarshenta. Ƙwayar nan ita ce tamista, mai jin zafi, irin ta kilo'om 10 a digiri 25. Idan ta ɗumama sai ta rage tare wuta, tiransisto ya ƙara buɗewa, fanka ta samu ƙarin bolt. Aikin ke nan, babu manhaja, babu saiti a cikin kwamfuta.

Ranar farko na sha wuya, kuma rabin laifin nawa ne. Na murza notin ƙasa sosai don neman shiru, na kashe na'urar na kwanta. Da safe na kunna, fankar baya ta yi ɗan motsi ta tsaya cik. Sai da na tura ta da yatsa ta ci gaba da juyawa. Ashe fanka na iya ci gaba da juyi da wuta kaɗan, amma tashi daga tsaye yana neman fiye da haka. Da na auna da mita, bolt 4 da ɗan ɗoriya take samu. Na ɗaga shi zuwa 6, tun daga nan ba ta sake ƙin tashi ba. Takardar da ta zo da allon ko kalma ɗaya ba ta ce ba kan wannan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Inda za a maƙala tamistar ma sai da na gwada wurare. Da na bar ta tana reto a iska, ba ta jin komai. Yanzu tana manne tsakanin fikafikan ƙarfen da ke sanyaya katin hoto (ɓangaren da ke sarrafa hotuna a kwamfuta), da salatif mai jure zafi. In na buɗe wasa mai nauyi, sai an ɗan jima kafin fankokin su ɗaga murya, domin sai ƙarfen ya ɗumama tukuna. Saboda wannan jinkirin ba zan ɗora wa ɗan allon fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba. Zafin furosesa cikin daƙiƙa yake haurawa, gara a bar shi da fanka mai waya huɗu wadda babban allon cikin kwamfuta (motherboard) ke tuƙawa.

Tiransiston kansa yana zafi, tunda shi ke shanye wutar da aka hana fanka. Da fanka biyu yana ɗan ƙona yatsa. Na ɗaura masa guntun alminiyom, ya lafa, amma fanka ta uku da na so ƙarawa a saman akwati na fasa.