Bustar eriya da na saya a Terminus, ta yi aiki amma akwai magana

Masu tambayata a kan bustar nan ta waje, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar talabijin da ake ɗaurawa a jikin sanda ƙasan eriya kaɗan, ga abin da na gani. Mu ta wajen Naraguta muke, gidan a kwari yake dutse ya tare mu, kuma duk ɗan Jos ya san yadda duwatsun garin nan ke tare sigina. Tun da aka ƙaddamar da tsarin dijital a nan ranar 30 ga Afrilu 2016, ai da Jos aka fara a duk Najeriya kafin Abuja ta biyo baya a Disamba, kallo ya canza. Da can in sigina ya yi rauni hoto zai yi yashi-yashi ne amma kana gani kana jin labarai, yanzu kuwa ko dai hoto tar ko kuma ya daskare ya farfashe murya na sarƙewa, can sai baƙin allo.

Shagon yana layin masu kayan lantarki kusa da kasuwar Terminus, kuma gaskiya mai shagon ya burge ni, don da na ce busta nake so bai miƙo min kawai ya karɓe kuɗi ba, sai da ya tambayi unguwarmu, ina eriyar take, wace irin waya na ja. Ya ce "Malam, busta fa ba ta ƙirƙiro sigina, abin da eriya ta kamo shi take ƙara wa ƙarfi, in shara ta kamo to sharar za ta ƙara maka." Ya ce in fara da doguwar eriya mai haƙora da yawa irin ta UHF, in ɗaga ta sama da kwanon gida, in cire siririyar wayar nan mai arha in sa mai kauri da ake kira RG6. Yaronsa ya biyo ni ya hau sama yana juya eriyar a hankali ni ina ɗaki ina kallon dikoda, layi biyu ne a wurin, na ƙarfin sigina da na inganci, kuma na ingancin shi ne abin dubawa, sau da yawa ƙarfi zai cika amma hoto na ta yankewa. Wallahi tun kafin a haɗa bustar, tashoshin NTA da PRTV suka zauna daram.

Inda bustar ta nuna amfaninta shi ne da muka raba layin zuwa ɗakin Hajiya, don wayar ta yi tsawo ga kuma sifilita, wato abin raba layin, tana rage sigina. Da yake bustar a sama take kusa da eriya tana ƙara ƙarfin tun kafin waya ta cinye shi, shi ya sa ta fi ƙananan nan da ake maƙalawa a bayan talabijin nesa ba kusa ba. Tashoshin da ke ɓacewa da yamma sun dawo a ɗakunan biyu.

To amma fa akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Murfin akwatin roba ne mara ƙwari, ruwan Jos kuwa na Yuli da Agusta ba ya wasa, dole ka naɗe bakin kwanektar da selotef ɗin wuta ka kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga akwatin don ruwa ya ɗige a waje, in ba haka ba tsatsa za ta ci wurin. Sannan tana shan wuta ne daga wata ƴar adafta a ɗaki da ke tura wutar ta cikin wayar eriyar, in wani ya zare ta don cajin waya komai ya mutu, har gara babu bustar ma. In hadari ya haɗo ana tsawa ni zare komai nake yi.

Akwai ɗan abin murɗawa a jikinta na ƙara ƙarfi, kar ka ƙure shi, in ya yi yawa dikodar ruɗewa take yi hoto ya lalace, wanda gidansa ke kan tudu kusa da tasha ma ba ya buƙatarta sam. Kuma wannan da na saya ba ta da matatar da ke tare sigina na 4G, wanda ke aiki a 700 da 800 MHz dab da na talabijin, in akwai ƙarfen sabis kusa da gidanku ka ce a ba ka mai matatar ko da ta ɗan fi tsada.