Yaya, Ga Batun Igiyar Hawa Bishiya da Ka Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan Inna da yara duk suna lafiya. Ka ce in aiko da igiya saboda yaron da ke sassabe muku dogon yaron ƙofar gida, tunda ina aiki da masu gyaran bishiya a nan Sheffield. Zan aiko in sha Allahu, amma igiya ita kaɗai ba za ta wadatar ba.

A Ingila ba a barin mutum ya hau sama da injin zarto sai ya ci jarrabawar hawa, da ta sauko da abokin aiki idan ya ji rauni a can. Dole kuma a sami wani a ƙasa mai wannan horon, kayansa a kusa. Mu kuwa a gida, a yi ciniki, mutum ya tuɓe takalmi, ya soke adda a ƙugu, ya ce bismillah. Ban raina gwanintarsu ba ko kaɗan. Makiyayin da ke sarar wa shanu gawo da rani ya fi da yawa daga cikin na nan sanin reshe. Sai dai ranar da reshen ya ɓalle, babu abin da zai tare shi.

Igiya biyu ce a jikin mai hawa. Doguwar tana rataye ne daga reshe mai ƙwari a can sama. Gajerar, wadda ba ta cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, ita ake zagaya wa jikin bishiya a maƙala ta a zobban hagu da dama na ɗamarar da mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu, mutum ya jingina da baya, hannuwansa biyu su kama aiki. Dokar aiki a sama ta 2005 tana nan, kuma daga 2020 ƙungiyar masu sana'ar ta fitar da ƙa'idar cewa a riƙa aiki da igiya biyu, kowace da maɗaurinta, don idan ɗaya ta tafi ɗaya ta riƙe.

Gajerar nan ce ta fi kusa da zarto, shi ya sa aka fi ba ta hankali. Igiyar da nauyin mutum ya miƙar, zarton hannu ma yana iya tsinke ta da ja ɗaya. Don haka akwai wadda ake saka wa wayar ƙarfe a ciki, a lulluɓe da saƙa. Tana da tauri, ana wurga ta sama a jikin kututture cikin sauƙi, kuma zarton hannu ba ya cin ta nan take. Amma injin zarto idan yana gudu sosai yana yanke ta. Abin da ya fi damuna da ita shi ne wuta: ba a kusantar wayar lantarki da ita sam, ga shi wayoyin unguwarmu ta cikin rassa suke ratsawa. Ba ita zan aiko ba.

Ƙugiyar da ake maƙala igiya a ɗamara da ita ma abin kallo ce. Sai ka tura, ka murɗa, sannan ka danna kafin bakinta ya buɗe, kana saki ta kulle kanta. Dalili, gogar reshe kaɗai tana iya buɗe ƙugiya mai sauƙi ba ka sani ba. Ƙarshen igiyar a ɗinke yake ko a ƙulle, don kada abin daidaita tsawo ya zame ya fita. Wajen daidaita tsawon nan, wasu har yanzu ƙullin Prusik suke amfani da shi, wanda wani mai hawan dutse ɗan Ostiriya ya fito da shi a 1931. Wasu kuma na'urar kamfanin Petzl na Faransa, wadda hannu ɗaya ke sassauta ta ko da nauyi a kai.

Inda suka yi mana nisa ƙwarai shi ne dubawa. Kowace igiya da lambarta da shekarar da aka yi ta. A ƙarƙashin dokar kayan ɗaga nauyi ta 1998, duk wata shida ƙwararre zai bi ta taƙi-taƙi da yatsu, ya rubuta. Wadda ta faɗi wannan dubawar, a gabanka za a daddatsa ta don kada wani ya tsinta. Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwarmu ba ta da wannan. Rana tana cinye ta tana nan kamar lafiyayya. Kayan nan da tsada, ba ƙarya, kuma jabunsu sun cika intanet, don haka a shagon masu sana'ar zan saya.

Zan haɗo ɗamara, doguwar igiya, gajera marar ƙarfe, ƙugiyoyi da hular kwano. Don Allah Yaya, kada ya hau da su sai mun yi magana ta bidiyo na nuna masa ɗaurin, ya gwada a ƙasa-ƙasa tukuna. A ajiye su a inuwa, nesa da fetur da ruwan batir, kada kuma a ara wa kowa don ɗaure kaya ko jan guga. Rassan da ke kusa da waya kuwa a bar su sai an tabbatar ma'aikatan wuta sun kashe layin. A gaida Inna.