Lambar manhaja ko makullin aljihu: wanne ya dace da sabarku?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kana kula da bayanan wata ƙungiyar manoman riɗi a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, bayanan suna kan saba, wato kwamfuta mai tsarin Ubuntu da kuka yi haya a ƙasar waje, ku uku kuke shiga ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) da kalmar sirri, kuma ka duba rajistar shiga ka tarar baƙin adireshi suna ta gwada kalmomi dare da rana. Kana so ka ƙara mataki na biyu, amma ka rasa na zaɓa tsakanin saƙon tes, manhajar da ke fitar da lambobi, da ɗan makullin nan mai kama da filasha. Masu gwajin dai ba ku suka nufa musamman ba, na'urori ne da ke zagaye intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, a duk inda suka tarar da ita.

Saƙon tes ka ajiye shi gefe. OpenSSH, manhajar SSH da ke kan sabar, ba ya aika tes da kansa, sai an haɗa shi da wani kamfani, kuma ranar da sabis ya ɗauke a ƙauye ko aka rufe layi saboda NIN, kai da sabarka sai kallo. Ga kuma masu yaudara da ke sa a fitar da layin mutum a sabon sim, lambar ta tafi hannunsu.

Manhajar lambobi tana bin tsarin TOTP, wanda aka wallafa a 2011 a takardar RFC 6238. Saba da waya suna riƙe da sirri guda, kowannensu yana haɗa shi da lokaci ya fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30, saboda haka wayar ba ta buƙatar data ko sabis, ko a tsakiyar gona take. Wannan kaɗai ya isa ya ba ta fifiko a wajenmu. Za ka girka libpam-google-authenticator, kowane mutum ya shiga asusunsa ya buga umarnin google-authenticator, ya ɗauki hoton alamar QR da Google Authenticator ko Aegis ko FreeOTP. Daga nan ka ƙara layin auth required pam_google_authenticator.so a fayil ɗin /etc/pam.d/sshd na PAM, tsarin da ke tantance masu shiga, sannan a /etc/ssh/sshd_config ka tabbatar akwai UsePAM yes da KbdInteractiveAuthentication yes, wanda a Ubuntu 20.04 sunansa ChallengeResponseAuthentication. Shawarata ita ce kada ku tsaya a kalmar sirri da lamba, ku koma mabuɗin SSH (mai rabi biyu, na sirri a wajenka, na fili a kan saba) da lamba ta hanyar AuthenticationMethods publickey,keyboard-interactive, ka kuma kashe layin @include common-auth a fayil ɗin PAM don kada a ci gaba da tambayar kalmar sirri.

Rauninta biyu ne, kuma na farko shi ya fi damun mutanenmu: agogo. Wayar da aka saita lokacinta da hannu, ko wadda ta kwana a mace wajen mai caji ta tashi da lokacin da bai daidaita ba, za ta riƙa ba da lambar da saba ba ta sani ba, mai ita kuwa ya rantse daidai ya buga. A saitin asali saba tana karɓar lambar yanzu da ta baya da ta gaba, ana kuma iya faɗaɗa wannan zuwa lambobi 17, wato kusan minti 4 kowane ɓangare, amma gara a sa waya ta riƙa karɓar lokaci da kanta, a kuma duba agogon saba da timedatectl. Bambancin awa tsakanin Najeriya da ƙasar da sabar take ba ya shiga lissafi, domin da lokacin duniya na bai ɗaya ake aiki. Rauni na biyu shi ne sirrin yana kwance a kan sabar, cikin fayil ɗin .google_authenticator, kuma lambar kanta ana iya yaudarar mutum ya karanta wa wani ita a waya.

Makullin aljihu, irin YubiKey da sauran masu tsarin FIDO2, a nan ya fi ta. Tun fitowar OpenSSH 8.2 a Fabrairun 2020 ake ƙirƙirar mabuɗi da ssh-keygen -t ed25519-sk, ko ecdsa-sk idan makullin tsoho ne. Sirrin ba ya fita daga cikin makullin, abin da ke kan saba rabin da kowa ke iya gani ne kawai, kuma ba a shiga sai an soka shi a kwamfuta an taɓa shi da yatsa. Babu agogo, babu PAM, babu lambar da za a karanta wa ɗan damfara. Idan ka ƙara -O verify-required lokacin ƙirƙira, zai nemi lambar PIN ma, ta yadda wanda ya tsinci makullin ba zai amfana da shi ba. Sai dai mutane kan manta cewa sabar za ta ci gaba da karɓar mabuɗai na gama-gari har sai an taƙaita su da PubkeyAcceptedAlgorithms.

Matsalarsa kuɗi da nisa. Da dala ake sayensa, ba abu ne da ake tsinta a shagon kayan waya ba, kuma kowane mutum na buƙatar guda biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a ajiye, domin in ya faɗi a kasuwar Maigatari ba za a iya kwafo sirrinsa daga ko'ina ba. Ku uku ke nan makulli shida. Haka kuma ba kowace manhajar SSH ta waya ce ke gane shi ba, alhali lambar TOTP tana aiki da duk manhajar da za ta iya nuna tambaya.

A ganina, abokan aikinka biyu su yi amfani da mabuɗin SSH da lambar manhaja, kai mai ikon sudo, wato ikon sarrafa sabar baki ɗaya, ka fara da lambar manhaja, ka koma makullin aljihu idan hali ya yi. Idan kuna da aikin kwafe bayanai da rsync cikin dare, ku buɗe masa asusu na daban, ku keɓe shi da Match User da AuthenticationMethods publickey, in ba haka ba zai tsaya yana jiran lambar da babu mai buga masa.

Abin da na fi ji maka tsoro ba ɓarawo ba ne, kulle kanka waje ne. Umarnin google-authenticator yana ba da lambobin gaggawa 5 masu alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. A rubuta su a takarda a adana tare da muhimman takardun ƙungiya, kada a ɗauki hotonsu a wayar da za ta iya ɓacewa. Ranar da za ka yi canjin, ka zaɓi wurin da sabis yake da ƙarfi, ka sa nullok a ƙarshen layin PAM tare da layin auth required pam_permit.so a ƙarƙashinsa, don wanda bai yi rajista ba ya iya shiga, har kowa ya gama rajista sannan ka cire su, ka gwada saitin da sshd -t kafin systemctl restart ssh, kuma kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka ga ta shiga. Ka kuma gwada allon gaggawa da ke shafin kamfanin da kuka yi hayar sabar tun kafin ka taɓa komai, domin shi ba ya bi ta SSH.