Waya ko kyamara ta hannu? Amsa ga ɗalibin da dusar ƙanƙara ta tarar a Winnipeg

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka fara karatu a Jami'ar Manitoba da ke Winnipeg a ƙasar Kanada, wannan ne hunturunka na farko, kuma abubuwa uku suna damun ka: dusar ƙanƙara tana fitowa toka-toka a hoto, fuskarka tana yin duhu, sannan wayar tana mutuwa a waje alhali da sauran caji. Kana tambaya ko ka sayi kyamara ta hannu ko ka ci gaba da wayarka.

Shawararmu ita ce kada ka yi gaggawar saye. Duk ukun nan babu wadda kyamara za ta kawar maka da ita don kawai ka saye ta, biyun farko ma ta fi tsananta su idan ka bar ta a kan Auto. Amma akwai wuraren da waya ba ta kai ba, kuma za mu nuna maka su.

Mu fara da launin toka, don shi ya fi ɓata wa sababbin zuwa rai. Waya da kyamara duka suna da ma'aunin haske a ciki, kuma an tsara shi a kan zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da launin toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Sabuwar dusa kuwa tana mayar da kashi 80 zuwa 90. Da ma'aunin ya ga wannan farin sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi, dusar ta koma kamar ta yi datti. Maganin ɗaya ne a na'urorin biyu, wato ka ƙara haske da hannunka. A kyamara akwai maɓalli mai alamar +/-. Ka danne shi ka murɗa zuwa +1 idan dusa ta cinye rabin hoton, zuwa +1.7 ko +2 idan kusan duk hoton fari ne kuma akwai gajimare. A iPhone ka taɓa sikirin, ka ja alamar ranar nan sama. Idan ka danne yatsa na ɗan lokaci zai kulle a haka. A wayoyin Android irin Samsung ka shiga Pro ka ɗaga EV, wato saitin ƙara ko rage haske.

Bambancin yana wajen sanin inda za ka tsaya. Idan ka ƙara ya wuce kima, dusar za ta zama fari fat babu sawun ƙafa, babu tudu da kwari, kuma abin da ya ƙone haka ba ya dawowa ko da gyara. Kyamara tana da jadawalin haske da ke nuna maka tulin haske daga hagu zuwa dama: kana son tulin ya matsa dama sosai ba tare da ya manne da bango ba. Tana kuma da saitin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. A waya yawanci idonka ne alƙali, ga shi sikirin yana yaudara a cikin hasken dusa. Kyamara ta yi gaba a nan, amma sai a hannun wanda ya koyi duba jadawalin.

Shuɗin da kake gani a inuwa ba lalacewa ba ne. Dusar da rana ba ta taɓa ba hasken shuɗin sama take mayarwa. A kyamara ka mayar da saitin fari zuwa Cloudy, kusan 6000K, ko Shade, tsakanin 7000K da 8000K. Waya ta kan gyara da kanta, wani lokaci har ta wuce gona da iri. Mu dai mun fi son a bar ɗan shuɗin, don shi ke gaya wa mai kallo a gida cewa wurin nan da sanyi.

Sai batun fuska, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin yawancin darussan hoto ba su yi la'akari da mai baƙar fata tsaye a gaban farar dusa ba. Tazarar haske tsakanin fatarmu da dusa tana da faɗi ƙwarai. Idan aka auna don dusa, fuska ta ɓace. Idan aka auna don fuska, dusa ta ƙone. Wayoyin zamani suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya, wasu da haske wasu da duhu, su haɗe su wuri guda, kuma suna gane fuska su haskaka ta. Saboda haka, a hoton da aboki zai ɗauke ka a bakin ɗakin karatu cikin daƙiƙa biyar hannunsa na rawa, waya ta fi kyamara nesa ba kusa ba. Illarta ita ce ta kan sa fata ta yi fari-fari kamar an shafa hoda, ko ta goge ƙyallin goshi.

Kyamara tana ɗaukar hoto ɗaya ne, don haka aikin yana wuyanka. Ka saita ta a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna don dusa a kusan +1.3, daga baya ka ɗaga inuwar fuska a kwamfuta. RAW yana ajiye bayanin haske na bit 12 ko 14, JPEG kuwa bit 8 ne kawai, shi ya sa RAW ke jure ɗagawa ba tare da fata ta yi dabbare-dabbare ba. Hanya ta biyu ita ce ka buɗe ƙaramin filas ɗin da ke saman kyamara, ka rage ƙarfinsa zuwa -1, mutum yana tsaye mita 2 zuwa 3 daga gare ka. Ka tuna cewa da filas yawancin ƙananan kyamarori ba sa wuce saurin ƙiftawa na 1/200 na daƙiƙa, don haka a rana mai haske sai ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 ka tsuke ƙofar lensi zuwa f/11 ko f/16. Kada ka kunna filas lokacin da dusa ke zuba, don zai haska ɗigon da ke kusa da lensi su fito manyan fararen tabo a kan fuska. Abin da ya fi duk wannan sauƙi, kuma yana aiki a na'urorin biyu, shi ne ka juya mutum ya fuskanci rana ko buɗaɗɗen fili, ya cire hular rigar da ke yi wa idonsa inuwa na ɗan lokaci. Dusar da ke ƙasa za ta mayar da haske zuwa haɓa da kumatu kyauta.

Yanzu batir. A watan Janairu matsakaicin sanyin Winnipeg yana kusan digiri 11 ƙasa da sifili da rana, 21 ƙasa da sifili da dare, kuma ana samun ranakun da ke kai 30 ƙasa da sifili. Kamfanin Apple ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 da 35. Yawancin ƙananan kyamarori ma tsakanin 0 da 40 ne, sai wasu na Fujifilm da Olympus da Pentax da aka ba su har 10 ƙasa da sifili. Ke nan dukansu kana fita da su wajen iyakarsu. Abin da ke faruwa shi ne sanyi yana rage saurin motsin sinadarin da ke cikin batir, ƙarfin wutar ya faɗi, na'ura ta ɗauka caji ya ƙare ta kashe kanta. Cajin yana nan, da batir ya ji ɗumi zai dawo.

A nan kyamara ta fi, saboda batirinta yana fita. Ka riƙe biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a aljihun da ke jikin ƙirjinka, ka riƙa musanyawa. Batirin waya a manne yake, ga jikinta siriri, sanyi yana ratsa ta cikin mintuna. Wani abin da ya fi hoto muhimmanci: wayar nan ita ce taswirarka, ita ce ke gaya maka lokacin zuwan bas, ita za ka kira taimako da ita. Idan ka ƙarar da ita wajen ɗaukar bishiyoyi ta mutu maka a tashar bas da dare, ka shiga haɗari na gaske. Ka ajiye ta a aljihun ciki, ka fito da ita ka ɗauka ka mayar. Kuma kada ka jona caji tana da sanyi ƙalau; cajin irin wannan batir ƙasa da sifili yana lalata shi har abada. Ka bari ta ji ɗumi a ɗaki kamar minti 30 tukuna.

Idan za ka saya, wannan batu yana shafar zaɓinka. Tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki, irin Nikon D3500 ko Canon Rebel, kana leƙawa ta gilashi ne wanda ba ya cin wuta. A gwajin da kamfanoni ke yi, D3500 tana ɗaukar hoto 1550 a caji ɗaya, Sony a6000 mara madubi kuwa kusan 360. A cikin sanyi duk alkaluman nan za su ragu, amma tazarar tana nan.

Hannu ma abin dubawa ne. Sikirin waya ba ya jin safar hannu mai kauri, sai ka cire. Hukumar yanayi ta Kanada ta yi gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ka sa siririyar safa mai taɓa sikirin a ciki, babba mai haɗe yatsu a sama, kuma ka riƙa ɗauka da maɓallin ƙara sauti. Kyamara tana da maɓallai da abin murɗawa da za ka sarrafa da siririyar safa. Ka kiyaye ƙarfenta kada ya taɓa hancinka ko kumatu, kuma ka riƙe numfashi lokacin leƙawa don tururin bakinka yana daskarewa a gilashi. Dusa ta sauka a lensi, kada ka hura da baki. Ka kaɗe ta da ƙaramin buroshi ko famfon roba.

Ga inda kyamara ke da rauni, kuma shi ke kashe kyamarorin ɗalibai: shigowa ɗaki. Kamar yadda gorar ruwan sanyi ke zufa idan an fito da ita daga firji, haka kyamara mai sanyi ke tara raɓa da ta shiga ɗaki mai hita, ciki da waje, har kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a ciki, da tsakanin gilasan lensi. Tun kana waje ka zare katin memori ka sa a aljihu, ka saka kyamarar a leda mai zif, ka matse iska ka rufe. A ɗaki ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu ba tare da ka buɗe ba, raɓar za ta tsaya a bayan leda. Ka jefa ƙananan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi a cikin jakar. Haka za ka yi ko shago ka shiga ko bas. Waya a rufe take ruf kuma tana zaune a aljihu, don haka wannan bai cika damun ta ba, sai dai danshi a ramin caji.

To me kyamara ke yi wanda waya ba za ta iya ba? Na farko, iko a kan dusa mai zuba. A 1/500 ko sama kowane ɗigo zai tsaya cak. A 1/60 ko 1/30 zai zama zare-zare. Ka nemi bango mai duhu a baya, kamar ginin jan bulo ko bishiyoyi masu ganye kore, in ba haka ba fari a kan fari ba zai fito ba. Yanayin dare na waya yana haɗa hotuna ne, sau da yawa ya share ɗigon gaba ɗaya. Na biyu, nesa: masu gudu a kan daskararren kogi a The Forks, inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, ko sassaƙen dusa na bikin Festival du Voyageur da ake yi a Fabrairu a unguwar Saint Boniface. Lensi mai jawo nesa yana jawowa da gilashi, waya kuwa da ta wuce iyakar lensinta yanka hoton take yi ta buɗa shi. Ka tsaya kan hanyar da aka shata a kogin, kada neman hoto ya kai ka inda ba a auna kaurin ƙanƙara ba. Na uku, hasken arewa da ke bayyana a sama wasu darare idan an fita bayan gari. Sensar waɗannan kyamarori kusan milimita 23.5 ce da 15.6, ta ninka ta yawancin wayoyi sau biyar ko fiye, don haka ta fi tara haske. Ka ɗora ta a kan ƙafa-uku, lensi a 18mm da f/3.5, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa 5 zuwa 10, ka kashe saitin kai-tsaye na lensi mai sa hoto ya fito tar, ka daidaita da hannu a kan tauraro mai haske. Ko da rana ma saitin kai-tsaye ya kan rikice a kan fili fari, sai ka nufa shi da reshe ko bakin gini.

Game da lokaci, a ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Winnipeg wajen 8:25 na safe, ta faɗi wajen 4:30 na yamma, kuma ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 17 sama da ƙasa ba, alhali a Kano a ranar tana kai kusan 55. Amfanin haka shi ne haske yana zuwa ta gefe duk yini, yana fito da tudun dusa da dogayen inuwoyi. Tazarar da ke tsakanin darussa da tsakar rana ta ishe ka, sai kuma minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ke yin shuɗi fitilun titi suna kunne.

Kuɗin da ke hannunka yanzu ka fara kai su ga rigar sanyi ta ƙwarai, takalmi mai riƙe ƙasa, da safar hannu hawa biyu, domin wanda sanyi ya kora ɗaki cikin minti biyar ba zai ɗauki komai ba ko da wace na'ura. Ka yi makonni kana gwada ƙarin haske da juya fuska a wayarka. Idan zuwa Janairu ka ga nesa da dare da dusa mai zuba ne ke tsayar da kai, to ka nemi ta hannu a shafukan saye da sayarwa na Kijiji ko Facebook Marketplace. Ku haɗu da mai ita a wurin jama'a, ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska fitila cikin lensi ka duba ko akwai hazo ko zaren gansakuka, sannan ka ɗauki farin bango a f/16 ka buɗa hoton ka ga ko akwai ɗigon datti a sensa. Idan za ka tura wa mutanen gida ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse hoto ta cinye ƙananan ɗigon dusar.