Ƙamus ɗin Oxford na intanet da matsalar "da" a Turancin yaranmu

Ina koyar da darasin yamma ga ɗaliban da ke shirin zana WAEC, kuma shafin Oxford Learner's Dictionaries ne na fi buɗewa a wayata. Kyauta ne. Asalinsa ƙamus ɗin da A. S. Hornby ya tsara musamman don masu koyon Turanci, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948. Bayan ma'anar kalma, yana nuna maka ƙaramar kalmar da ke biye mata, wadda ita ce ke kayar da yaranmu.

Mu a Hausa "da" ɗaya ce ke yi mana aiki biyu: na yi magana da malam, na yi magana da Turanci. Sai yaro ya kwaso ta yadda take ya rubuta "he spoke with English", mai maki ya zarga masa jan biro. Abin yana ci mini rai, don yawanci yaron ya san abin da yake son faɗa.

Da muka buɗe "speak" tare da su, sai muka tarar an rarrabe komai da misalai. In iya harshe ake nufi, ba a sa komai a tsakani: "she speaks French". In kuwa ana nufin harshen da mutum ya zaɓa a wani zama, "in" tana iya shigowa: "the Emir spoke in Hausa". Su "to" da "with" na wanda ake zancen da shi ne. Daga nan muka leƙa "fluent in" da "translate into", na sa kowa ya gina jimlarsa a allo. Akwai kuma ɗan maɓallin da kake dannawa ka ji lafazin Ingila da na Amurka, yaran suna son wannan sosai.

Sai dai duk bayanin da Turanci yake, kuma sai da data. Ba zai faɗa wa Bahaushe cewa "jin Turanci" ne ke sa shi cewa "I don't hear English" maimakon "understand" ba. Wannan aikin malami ne. Ɗalibin babbar sakandare zai iya amfani da shi shi kaɗai, amma sabon shiga yana bukatar wanda zai zauna da shi ya warware masa misalan da Hausa.